Sanƙarau ya ɓulla a maƙwabta: me makarantar kwana za ta tanada, kuma yaushe ake sallamar ɗalibai?

Tambaya: Ni ce shugabar wata makarantar kwana ta 'yan mata, ɗalibanmu sun kai 800. Muna jin labarin sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da mu, ga shi ba a daɗe da gama fama da mashaƙo ba. Iyaye sun fara bugo waya, wasu malamai kuma suna cewa mu sallami yara tun abin bai iso ba. Me ya kamata mu tanada, me za mu yi in yarinya ta kwanta, kuma a wane hali ne rufe makaranta yake zama daidai?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare mana yaran nan. Bari in fara da abin da ya fi tsaya miki a rai. Kada ki sallami ɗalibai don labarin da ke zuwa daga maƙwabta, kuma ko cutar ta shigo makarantar, sallama ba ita ce matakin farko ba. Ƙwayar sanƙarau takan yi kwana 2 zuwa 10 a jikin mutum kafin ya kwanta, galibi kwana huɗu. Akwai kuma masu ɗauke da ita a maƙogwaro suna yawo lafiya lau, ko ciwon kai ba sa yi. In kika buɗe ƙofa yau, ba ki san wa kika sallama ba. Yarinyar da za ta kwanta jibi, a makaranta tsakaninta da nas tafiyar minti biyar ce. A ƙauyensu kuwa wataƙila sai an kwana ana jiƙa mata sassaƙe, a wayi gari ana neman mota, alhali wannan ciwo yana iya kashe mutum cikin awa 24. Ga ƙannenta da za su kwana ɗaki ɗaya da ita. Mun ga irin wannan a 2020 lokacin korona, da jihohin Arewa suka riƙa kwasar almajirai a manyan motoci suna mayar da su jihohinsu, aka zo gwaji a Kaduna da Jigawa aka tarar da yawa daga cikinsu suna ɗauke da cutar. Watsa jama'a ba tare da tsari ba raba cuta ne gida-gida.

Tsoron da malamanki ke ji yana da tushe. Muna zaune ne a tsakiyar yankin da sanƙarau ya saba da shi, wanda ya miƙe daga Sanagal har Habasha, kuma lokacinsa sananne ne: daga shigowar hunturu a Disamba har faɗuwar damina, ya fi tsanani a Maris da Afrilu. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini. A 1996 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 wani nau'in, wanda ake kira C, ya taso daga Zamfara ya bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi da Yobe, ya kashe fiye da mutum 1,100. A farkon 2023 ya yi ɓarna a jihar Damagaram da kuma Jigawa, waɗanda iyaka kawai ta raba, sannan a farkon 2024 makarantun kwana na yankin Potiskum suka yi rashin ɗalibai. Wani abin da ke ruɗar iyaye shi ne su ce ai an yi wa yarinya allurar sanƙarau tana ƙarama. Allurar da aka fara yi a Najeriya daga 2011, MenAfriVac, nau'in A kaɗai take karewa. Sabuwar, Men5CV, wadda Najeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da ita a 2024, ita ce ta haɗa nau'i biyar, A da C da W da Y da X. Don haka kalmar "an yi mata" ba ta wadatar ba sai an ga kati an san wacce aka yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma yawancin abin da ke ceton rai a makaranta ana yin sa ne a wannan makon da kike ciki, tun kowa na lafiya. Abu na farko mutane ne da lambobin waya. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ma'aikatan lafiya ke kira DSNO, ofishinsa yana sashen lafiya a matakin farko. Ki je da ƙafarki ki gan shi, ki karɓi lambarsa da ta mataimakinsa, ki gayyace shi ya zagaya ɗakunan kwana. Daga shi labari ke hawa zuwa jami'in annoba na jiha, daga nan zuwa hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, wadda ke da layin kyauta 6232. A Nijar, shugaban likitar CSI mafi kusa, wato cibiyar lafiya ta matakin farko, shi ne ƙofar shiga. Sai babban asibitin da za ki kai yara: ki tambayi likitan da ke riƙe da shi kai tsaye ko suna da allurar seftiriyazon, wadda ake yi wa mai sanƙarau, a ajiye, ko suna ɗibar ruwan ƙashin baya don gwaji, da kuma wanda za a kira da ƙarfe biyun dare. In ba su da ita, gara ki sani yau ki nemi asibiti na gaba. A rubuta lambobin nan da babban baƙi a manna a ɗakin shan magani, ɗakin metiron, ɗakin maigadi da ofishinki.

Kwamitin da za ki kafa kada ya wuce mutum shida ko bakwai: ke, mataimakiyarki, nas, babbar metiron, mai kula da kicin, wakilin iyaye, da malami ɗaya mai riƙe rajista. Kowa a rubuta aikinsa da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. Abin da ya fi kashe yara a makarantun kwana shi ne jiran izini: yarinya ta rikice da daddare, metiron tana tsoron fitar da ita sai shugaba ta ce, shugaba ta yi tafiya, direba ya tafi gida da makullin mota, motar ma ba mai. Ki rubuta a takarda, ki sa hannu, cewa nas ko metiron mai aikin dare tana da ikon kai kowace yarinya asibiti ba tare da ta jira kowa ba. Makulli ya kwana a makaranta, tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, a yi magana da mai mota ɗaya a gari wanda zai zo in taku ta ƙi tashi. A ware kuɗi a ambulan a hannun nas, wanda zai isa kati da allurar farko da ƙarin ruwa na yara uku ko huɗu, don kada a tsaya ciniki a bakin kantin magani.

Akwai takardar da makarantu kan manta da ita sai ranar da ake buƙatarta: amincewar iyaye. Ki aika musu tun yanzu su sa hannu cewa sun yarda a kai 'yarsu asibiti cikin gaggawa, kuma a yi mata rigakafin da hukumar lafiya ta kawo in annoba ta ɓulla, tare da lambobin waya biyu da sunan mai unguwarsu. Wasu za su yi ɗari-ɗari, kada a raina su. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara wajen 200 lokacin annobar 1996 ba, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Maganin wannan shakka shi ne a zauna da su a taron iyaye, ga ma'aikacin lafiya ga limamin gari, a nuna musu kwalbar allurar, a faɗi sunanta da wanda ya kawo ta. Ranar da motar rigakafi ta tsaya a ƙofar makaranta ba ranar fara wannan bayani ba ce.

Sai rajistar marasa lafiya, wadda a ganina ta fi kowane kayan aiki daraja, ga ta kuma littafi ne na 'yan nairori. A ja layuka: kwanan wata, suna, shekaru, aji, ɗakin kwana, lambar gado, ranar da ciwon ya fara, alamomi, zafin jiki, abin da aka ba ta, inda aka kai ta. Layin ɗakin kwana da na gado su ne sirrin abin. Yara biyar masu zazzaɓi a makaranta mai 800 ba labari ba ne, amma in uku daga cikinsu gadajensu na jere a ɗaki ɗaya, to magana ta canja. Kowace safiya kafin asambuli shugabar ɗaki ta faɗa wa metiron wadda ba ta tashi ba da wadda ta ƙi cin abinci, nas ta haɗa lissafi ta kawo miki kafin ƙarfe tara. A gargaɗi manyan ɗalibai musamman: 'yan aji ɗaya suna ɓoye ciwo don tsoron a ce lalaci ne, wasu kuma ƙawaye ne ke rufa musu asiri da farasitamol daga cikin akwati.

A keɓe ɗaki guda daban da ɗakin shan magani na kullum, mai tagogi a ɓangare biyu, da makewayinsa na kansa, gado huɗu zuwa shida, katifu masu rigar leda. A ajiye ma'aunin zafin jiki aƙalla uku da batiransu, tocila, takunkumi, safar hannu, sabulu, bokitai masu murfi, bilic, ƙullin ORS, wato gishiri da sukari na masu gudawa, kamar ɗari biyu, da kayan gwajin maleriya. Mai jinya mutum ɗaya ce a kowane lokaci, babba, ba ɗaliba ba. Al'adar nan ta a bar ƙawa ta kwana da marar lafiya tana yi mata fifita a daina ta har rani ya wuce.

Yanzu ki shiga ɗakin kwana da kanki da misalin ƙarfe goma na dare, ba da rana ba lokacin da aka share aka buɗe ko'ina. Za ki ga an toshe tagogi da kwali da zannuwa saboda sanyi, an haɗa gadaje biyu yara uku sun kwanta a kai, iskar ɗakin ta yi nauyi har kina jin ta a fuska. Nan cutar take yaɗuwa, ta numfashi da tari da yawu. A cire toshiyar, a bar tagogin da ke fuskantar juna a buɗe, a sa raga in sauro ake gudu, a ce iyaye su ƙaro bargo. Tsakanin gado da gado a sami mita ɗaya in zai yiwu. In wuri ya yi kaɗan, a juya kwanciya, kan wannan ya kasance wajen ƙafar waccan, ta sama da ta ƙasa ma haka. In akwai ajin da ba a amfani da shi ko zauren taro, a mayar da shi ɗakin kwana na wucin gadi a rage cunkoso. A yayyafa ruwa kafin shara. Kowace yarinya da kofinta da cokalinta, a bar shan ruwa baki-da-baki a gora ɗaya.

Ga yadda abin yake zuwa. Yarinya ta ce kanta na sarawa kamar zai tsage, jiki ya yi zafi farat ɗaya, 38 ko sama, ta yi amai, ta ja mayafi ta rufe ido don haske na damunta. A kwantar da ita rigingine, a sa hannu a ƙeyarta a ɗago kan a hankali: in haɓarta ta kasa taɓa ƙirji, ko ta yi ƙara ta naɗe ƙafafu, wuya ya sanƙare ke nan. Amma kada a jira wannan alamar, don takan makara, wani lokaci ma ba ta zuwa. Magagi, surutai, barcin da ba a iya tashinta, fizge-fizge, sanyin tafin hannu da ƙafa alhali jiki na zafi, duk kowanne ya isa. A duba ɗige-ɗigen jini a fata. A baƙar fata sun fi fitowa a tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da ganɗa. A danna gilashin kofi a kansu, in ba su dushe ba, ƙwayar ta shiga jini, minti ma yana da tsada.

Kurakurai biyu ne suka fi cin rai a wannan gaɓa. Na farko, a yi gwajin maleriya ya nuna akwai, sai hankali ya kwanta a ba da maganin maleriya a ce a gani zuwa safe. Yara da yawa a ƙasarmu suna da ƙwayar maleriya a jini ko suna lafiya, samunta bai kore sanƙarau ba. Na biyu, yarinya ta fara fizge-fizge da surutai sai a ce iska ce, a taru a kanta ana tofi har gari ya waye. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a cikin mota. Duk wadda ta haɗa zazzaɓi da ɗaya daga alamomin can, a sa mata takunkumi in tana iya jurewa, mai rakiya ma ta sa, a buɗe gilasan mota, a tafi. In tana amai ko ba ta cikin hayyacinta a kwantar da ita ta gefe, kada a ɗura mata komai a baki. A asibiti za a so a ɗebi ruwan ƙashin baya kafin allura don a gane nau'in ƙwayar, amma in ɗibar za ta jawo jinkiri, allura ce gaba. Bayan awa 24 da fara maganin da ya dace, ba ta ƙara yaɗa cutar.

Motar na fita, ke kuma ki kira jami'in sa ido. Zato kawai ya isa a kai rahoto, ba a jiran sakamakon gwaji. Na san abin da ke hana shugabanni: tsoron a ce makarantarsu ce ta kawo cuta, ko ma'aikatar ilimi ta ga gazawarsu, masu makarantun kuɗi kuma suna tsoron iyaye su kwashe yara. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kuma ga dalilin da ya sa rahoton wuri yake amfanar ki: a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, gari mai mutum 30,000 zuwa 100,000 sai an sami mutum 10 cikin 100,000 a mako guda ake cewa annoba ce, amma a rufaffen wuri irin makaranta ko bariki, mutum biyu da gwaji ya tabbatar a mako ɗaya sun isa a yi wa kowa rigakafi. In ba a ɗebi samfur ba, ba a kai rahoto ba, wannan ƙofa ba za ta buɗe muku ba. Allurar rigakafin kuma sai ta yi kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin ta fara kare jiki, kowace ranar jinkiri tana ƙaruwa ne a kan wannan.

Kafin jami'ai su iso, a rubuta sunayen duk wanda ya kusance ta cikin kwana bakwai da suka wuce: 'yan ɗakinta, musamman gadajen da ke kewaye da nata, abokan cin abincinta, wadda ta yi jinyarta. A auna zafin jikinsu safe da yamma har kwana goma. 'Yan wannan ɗaki su ci abinci a lokacinsu daban, a dakatar da asambuli da ranar ziyara da wasanni da wasu makarantu, amma a ci gaba da darasi. Akwai ƙwayar magani da ake ba makusanta sau ɗaya don kashe cutar a maƙogwaro, sifirofulokzasin, sai dai hukumar lafiya ce ke yanke wa za a ba da kuma yaushe. Kada a aika kemis a sayo kwali a raba wa yara 800. Ɓarnar kuɗi ce, tana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, kuma tana sa a saki jiki a daina aunawa.

Tunda kin ambaci mashaƙo, shirin ɗaya ne, alamar ce ta bambanta. Annobar da ta taso a ƙarshen 2022 ta fi yi wa Kano illa, ta taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, ta kuma kama yankin Matamaye a Nijar, kuma yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala rigakafin jarirai ba, wato allurar fenta ta mako 6 da 10 da 14. Duk mai ciwon maƙogwaro nas ta haska tocila ta duba. In an ga wata fata mai launin toka ta manne a hanƙa ko bayan maƙogwaro, wuya ya kumbura, murya ta dushe, to kada a kankare, kada a bari a kai ta wurin wanzami a ce belu ne. Taɓa fatar nan jini take yi, tana iya toshe numfashi. Dafin ƙwayar ne ke kisa, yakan kama zuciya ko bayan maƙogwaro ya warke, kuma maganin dafin sai a cibiyoyin da gwamnati ta tanada, shi ma yana aiki ne kawai a kan dafin da bai riga ya kama nama ba. Mutum ɗaya da ake zato ya isa rahoto. Maganin kashe ƙwayar na kwana 14 ne, a shanye shi duka, makusanta kuma a ba su nasu, a yi musu allurar rigakafin mashaƙo da ake kira Td, a sa musu ido kwana goma.

In damina ta faɗi, abokin gaba ya koma amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,500, akasari a Arewa. A nan lissafi ne ke aiki. Ma'aunin da ake bi a makarantar kwana shi ne lita 20 ga kowane mutum a rana, ke nan ɗalibanki na buƙatar lita 16,000 kullum, ban da malamai da ma'aikata. Makewayi ɗaya ga 'yan mata 25, wato 32 masu aiki, ba waɗanda suka cika aka rufe ba. Tsakanin masai da rijiya kada ya gaza mita 30. Ranar da injin burtsatse ya lalace aka koma sayen ruwan 'yan garuwa ko na tanka, ranar ce haɗari ya shigo, don haka duk ruwan da ba ki san asalinsa ba a sa masa kulorin bisa umarnin da ke jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha. In ruwan ya yi gurɓi a bar shi ya kwanta a tace tukuna, kulorin ba ya cin ruwa mai laka. Randa mai moɗa ɗaya da hannu ɗari ke shiga a maye ta da bokiti mai famfo.

Haɗin kulorin kala uku ne, kuma ruɗa su yana da illa. Na wanke hannu kashi 0.05 cikin ɗari, na goge ƙasa da gadaje da makewayi da jiƙa zannuwa 0.2, na zubawa a kan amai da bayan gida kashi 2. In garin kulorin mai ƙarfin 70 cikin ɗari kuke da shi: babban cokali ɗaya shafaffe a lita 20 na hannu, cokali biyu a lita 10 na ƙasa, cokali biyu a lita ɗaya na amai. In bilic na kanti ne, a duba ƙarfinsa a jikin roba, mai 3.5 cikin ɗari, kofi ɗaya a kofi 69 na ruwa na hannu, kofi ɗaya a kofi 16 na ƙasa. A rubuta a jikin kowane bokiti, a haɗa sabo kowace safiya, a ajiye a inuwa, kada a gauraya da omo ko wani sinadari. Yarinyar da ke zawo kamar ruwan shinkafa a fara ba ta ORS nan take, ƙulli ɗaya a lita ɗaya, kurɓi-kurɓi ko tana amai, har cikin mota. In ya ƙare, ƙaramin cokali shida shafaffu na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Gishirin in ya yi yawa cutarwa yake, a ɗanɗana, kada ya fi hawaye. Idon da ya faɗa, fatar ciki da aka ja ta ƙi komawa, rashin fitsari, waɗannan na ƙarin ruwa ne a asibiti. Mai dafa abinci da ke gudawa ta bar kicin har ta warke, kuma a biya ta kwanakin, in ba haka ba gobe ɓoyewa za ta yi.

Ƙyanda kuwa tana yaɗuwa kwana huɗu kafin ƙuraje su fito da kwana huɗu bayan fitowarsu, don haka kafin ki gan ta ta riga ta zaga. Abin yi shi ne keɓewa, rahoto, da rigakafi ga waɗanda ba su da shi cikin awa 72. Sito kuma a toshe ramukan ɓera, a ɗora buhuna a kan katako, saboda zazzaɓin Lassa.

Iyaye su ji daga bakinki kafin su ji a WhatsApp. Mutum ɗaya ne zai riƙa magana da sunan makaranta, saƙo ɗaya kowace rana a lokaci ɗaya, ko babu sabon labari: yara nawa suka kwanta, suna ina, me aka yi, me ake jira. Ba a faɗin sunan yarinya a saƙon jama'a. Iyayenta a kira su su kaɗai tun tana hanyar asibiti. Kada a ce "babu komai" alhali akwai, domin ranar da gaskiya ta fito za ki wayi gari da motoci a ƙofa, kuma ba wanda zai ƙara yarda da ke. Uban da ya dage sai ya tafi da 'yarsa ba a kulle masa ƙofa. A auna ta, a rubuta inda za ta da lambar waya, a ba shi takarda da Hausa mai alamomin ciwon da sunan asibitin da ya fi kusa da su, a gaya masa ta kwana ita kaɗai kwana goma, a kuma sanar da jami'in sa ido. In Allah ya yi wa wata rasuwa, ke da kanki za ki je gidan, ba saƙo ba. In kwalara ko Lassa ake zato, a bar ma'aikatan lafiya su jagoranci wanka da suturar.

Rufewa tana da wurinta. Ana yin ta in ruwa ko makewayi sun lalace yadda ba za a gyara cikin kwana ɗaya ko biyu ba, ko ma'aikata sun kwanta har babu mai dafa abinci da kwana da yara, ko sabbin kamuwa na ƙaruwa a ɗakuna daban-daban duk da matakan da aka ɗauka, ko gwamnati ta ba da umarni na gaba ɗaya kamar na Maris 2020. Shawara ce ta ma'aikatar lafiya da ta ilimi tare, ba taki ke kaɗai ba, kuma wannan kariya ce gare ki. In an yanke, a yi ta daki-daki cikin kwana biyu ko uku: rigakafi ko maganin kariya tukuna, a auna kowa a bakin ƙofa, marasa lafiya da makusantansu su tsaya, a miƙa wa hukuma jerin sunaye bisa ƙananan hukumomin da za su. A faɗi ranar dawowa tun a ranar tafiya, ko da za a ɗaga ta daga baya. Hutun da ba shi da rana shi ne yake cinye 'yan mata. Wata tallar da ta fara ce za ta riƙe ta, wata sai dai ki ji an ɗaura aure. Kowace ta tafi da aikin gida a rubuce, 'yan ajin ƙarshe masu jiran WAEC da NECO su ne farkon dawowa, kamar yadda aka yi a Agustan 2020.

Ba a cewa annoba ta wuce sai an yi ninki biyu na kwanakin ɓoyonta ba sabon kamu, wato kamar kwana 20 ga sanƙarau da mashaƙo, 10 ga kwalara, ana ƙirgawa daga mutum na ƙarshe. Yaran da suka tashi daga sanƙarau kuma aikinku da su bai ƙare ba, domin kusan ɗaya cikin biyar takan fito da wata larura, mafi yawa raunin ji, wasu farfaɗiya ko wahalar riƙe karatu. A kai kowacce gwajin ji cikin wata guda da sallamarta daga asibiti. Kafin nan a dawo da ita layin gaba a aji, a gaya wa malamanta su riƙa fuskantarta in suna magana, kuma in an kira ta daga baya ba ta waiwayo ba, a rubuta a rajista a sanar da nas, kada a ɗauka taurin kai ne a kai mata bulala.